SHAIHU MAGILI DA ITACIYAR TSAFI TA KANO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Makaɗaici, wanda gani bai kewaye Shi, hannun masassaƙi bai siffanta Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tsarkake Ɗakin Ka'aba daga gumaka ranar buɗe Makka, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, mai waƙar nan da muke wa sharhi ya ambaci Shaihu Magili a cikin jerin shaihunan silsila, ya kuma yi ishara da wata itaciya da aka sare a Kano. Almajirai da yawa suna rera wurin da daɗin murya, amma in ka tambaye su wane ne Magili, wace itaciya ce kuma, sai su yi shiru. Saboda haka muka ga ya kamata mu gabatar da tarihinsa kafin mu ci gaba da warware baitoci.

ASALINSA DA KARATUNSA

Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarimu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Abdullahi. Ana danganta shi ga Magila, wata ƙabila daga Barbar na Magrib, ba Barebarin Barno ba, kada sunan ya rikita ka. An haife shi a Tilimsan, a yammacin ƙasar Aljeriya ta yau, wajen shekara ta 1440 ta Miladiyya, zamanin sarautar Banu Zayyan. Ya yi karatu wurin Shaihu Abdurrahman Sa'alibi, mai tafsirin Jawahirul Hisan, wanda ya rasu a 875 ta Hijira, da kuma wurin Shaihu Yahaya ɗan Yadir. Ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da tafsiri da hadisi da luga, ya kuma kasance mutum mai kaifin hankali da zafin zuciya, ba ya iya ganin abin da ya ɗauka munkari ne ya kau da kai. Wannan hali shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya jawo masa mafi yawan wahalar da ya sha.

Akwai wani abu a cikin karatunsa da ya kamata a riƙe tun yanzu. Imamu Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 911, ya haramta shagala da ilmin manɗiƙi, domin asalinsa daga Yunanawa ne. Shaihu Magili ya aika masa da baitoci yana mayar masa da magana, Suyuɗi shi ma ya amsa da baitoci. Hujjar Magili ita ce manɗiƙi ma'auni ne na gane ingancin magana, kuma ana duban abin da aka faɗa ne kafin a dubi wanda ya faɗa. To Yunanawan nan kuwa masu bautar gumakan dutse ne. Ka ga ke nan mutumin da zai zo ya sa a sare itaciyar tsafi bai ɗauki duk abin da ya fito daga hannun masu gunki a matsayin gunki ba. Yana rarrabewa.

FITINAR TUWAT

Daga Tilimsan ya koma Tuwat, wasu garuruwan dabino a tsakiyar Sahara inda ayarin Magrib da na ƙasashen Sudan suke haɗuwa, ya zauna a Tamantit. A can akwai Yahudawa da suka daɗe, 'yan kasuwa da maƙeran zinariya, suna da ɗakin ibadarsu. Magili ya ga cewa sun warware sharuɗɗan amana, ya yi fatawa a rushe ɗakin. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, ya saɓa masa. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis, suka kasu biyu: Tanasi da Imamu Sanusi mai littattafan tauhidi suka goyi bayan Magili, Ibnu Zakari muftin Tilimsan da wasu suka tafi a kan a bar musu ɗakinsu. Wansharisi ya tara waɗannan fatawoyi a cikin Mi'iyaru. Da amsar Tanasi ta iso, Magili ya tara mutanensa suka rushe ɗakin, ya kuma sa ladar miskali 7 ga duk wanda ya kashe Bayahude, aka zubar da jini.

Ba za mu ɓoye wannan ba domin yana cikin littattafai, kuma waliyyi ba ma'asumi ba ne. Abin da muke gani shi ne maganar alƙali Asnuni da Ibnu Zakari ta fi kusa da abin da aka sani na kiyaye jinin ma'abota amana. Sa'an nan kada mai karatu ya gama wannan da maganar gumaka. Yahudawa ba masu gunki ba ne, rigimar ta amana ce da siyasar gari.

ABIN DA YA TARAR A KANO

Bayan wannan ya ƙetaro Sahara zuwa Azbin. A Takidda ya karantar, daga cikin waɗanda suka ɗauki ilmi a wurinsa akwai Aƙibu Anusammani da Aida Ahmad Tazakti, wanda Katsinawa suke kira Ɗan Takum, ya zama alƙalin Katsina daga baya. Ya shiga Katsina, ya shiga Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

A nan sai mun koma baya kaɗan, domin ba a gane girman saran itaciyar sai an san tsawon saiwarta.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, babban matsafin mutanen farko. Abin bautarsu Tsumburbura, mazauninta wata itaciya da ake kira Shamus, an kewaye ta da ganuwa, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya shiga ban da shi mutuwa ce. Sau biyu a shekara yakan sauko daga kan dutsen Dala, mutane su taru daga ko'ina da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, a yanka a gindin itaciyar, shi kuma ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara. Akwai kuma kurmin Jakara mai baƙin ruwa, wanda suke duban motsinsa su san ko masifa na tafe. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya yaƙi matsafan ya rushe ganuwar. A zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Malle da Musulunci, sarki ya karɓi salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafin, matsafa suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Duba wannan hali da kyau: liman na gaba, itaciya na bisa kansa, kowa da abin da yake nufi a zuciyarsa.

Abin bai tsaya nan ba. Ɗan Yaji, Sarki Kananeji, ya kai yaƙi Zazzau bai yi nasara ba, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, shi kuwa ya ce masa ya koma ga abin da kakanninsa suke yi. Kananeji ya sa aka sari reshen itaciyar aka yi dundufa da shi, aka sami jan maciji a wurin aka yi huffi da fatarsa, ya tafi da su yaƙi. Ɗan sarkin da ya gina masallaci ke nan. Bai ce ya bar salla ba, amma ranar da wuya ta yi wuya ga inda ya nufa. Wannan shi ne ciwon da malamai suke kira gauraye, shi ne kuma ciwon da Magili ya zo ya tarar shekaru kusan 80 bayan Kananeji.

Littafin tarihin ya kawo zuwansa da ado irin na masu ƙauna: wai ya taso daga Madina saboda mafarki, da ƙasar Madina a jaka, yana gwada ta da ƙasar kowane gari, ba ta dace da ko'ina ba sai Kano, ya sauka a Fanisau, Rumfa ya fita ya tarye shi. Mun san dai daga Tilimsan da Tuwat ya fito. A wuri ɗaya littafin ya kira shi Abdurrahman, a wani wurin Abdulkarimu, wani tsohon rubutu kuma na asalin Wangarawa ya jingina saran itaciyar ga Shaihu Abdurrahman Zaite, ya ce tsamiya ce. Babu wuya a haɗa ruwayoyin, tunda malaman biyu sun zauna Kano a zamanin sarki ɗaya, kuma irin wannan aiki mutum ɗaya ba ya yinsa. Abin da ya tabbata a bakin Kanawa shi ne, Shaihu ya umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, a sare itaciyar, a gina hasumiya a gurbinta, aka kuwa yi.

Ka lura da hikimar. Ba a sare aka bar fili ba. Wurin da mutane suka saba nufa in sun firgita, an bar musu shi su ci gaba da nufarsa, amma abin da ke fitowa daga samansa yanzu kiran salla ne sau biyar. Mai saran da ba ya gini yakan tarar kututture ya yi toho.

Ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, babi 8, inda ya yi ta nanata masa haɗarin sarki ya shige gida ya kange kansa daga talakawa. Ya kuma rubuta masa wata gajeriyar wasiyya a shekara ta 897, watau 1491 zuwa 1492, a kan abin da ya halatta ga mai mulki wajen tsawatar da mutane daga haram. A ciki ya sa hana bayyanar da ayyukan shirka a jere da hana tsiraici da shan giya da tauye mudu. Da zai tashi ya bar ɗansa Isa, wanda aka sani da Sidi Fari, zuriyarsa na nan a unguwar Sharifai, kuma sunan Sidi Fari ya zama sarautar shugabansu.

GUNKI MAI FUSKA DA GUNKI MARAR FUSKA

Da yawa in an ce gunki sai hankalinsu ya tafi ga mutum-mutumi mai ido da hanci. To abin da aka sare a Kano ba shi da ido ba shi da hanci, ba wanda ya sassaƙa shi. Itaciya ce Allah Ya tsirar da ita kamar kowace itaciya. Maguzawa ma galibin tsafinsu ba sassaƙe ba ne, kuka ce ko tsamiya ko dutse ko wani lungu a cikin gida, inda ake zuba wa iskoki jini da fura. Larabawan Jahiliyya suna da iri biyun: akwai Hubal mai siffar mutum a Ka'aba, inda gumaka suka kai 360, akwai kuma Uzza wadda itatuwa ce a kwarin Nakla, da Lata wadda dutse ce a Ɗa'ifa. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu sunayen salihan bayi ne, da suka mutu aka kafa musu alamu don tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗancan suka shuɗe ilmi ya tafi. Wannan hadisi mu 'yan ɗariƙa mun fi kowa bukatar haddace shi.

Sauran addinai ma sun sha fama da mas'alar. Yahudawa, bayan abin da ya same su na ɗan maraƙin Samiri, Attaurar da ke hannunsu ta hana sassaƙa siffa don bauta hani mai tsanani, ba ka samun mutum-mutumin bauta a ɗakin ibadarsu. Nasara kuwa sun yi rikici a kanta fiye da shekara 100 a daular Rum ta gabas: wasu sarakunansu suka sa aka farfasa surorin coci tun wajen 726, taron malamansu a Nikiya a 787 ya halatta girmama surori ya ce girmamawa daban bauta daban, rigimar ba ta kwanta ba sai 843. Ta sake tashi a Turai, har a 1566 aka bi coci-coci a ƙasar Holan ana karya gumaka. Shi ya sa har yau za ka shiga cocin Katolika ka ga siffar Annabi Isa da Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare su, ka shiga na wasu 'yan Furotesta ka ga bango fayau. Masanan Hindu su ma suna cewa ba dutsen suke nufi ba, abin bautar ne yake sauka a cikinsa bayan an yi masa wasu karance-karance. Mun kawo maganar kowa yadda masu ita suke faɗinta, domin adalci wajibi ne ko ga wanda ka saɓa wa. Amsarmu kuwa ita ce, Alƙur'ani ya ba da labarin mushirikan Makka sun kawo uzuri mai kama da wannan, na neman kusanci ga Allah ta hanyar abin da suke bauta wa, bai kuwa karɓa musu ba.

Mu ɗan tsallaka gaba da zamanin Shaihu domin ka ga iyakar abin. Shekara kusan 100 bayan an sare itaciyar, a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, aka fara Dirki a Kano. Mene ne Dirki? Alƙur'ani ne aka naɗe da fatar akuya, daga baya aka riƙa yanka masa shanu ana ƙara masa ƙiraga, ana ganin shi ke tsare gari. Haka aka yi ta yi har zamanin Sarki Alwali, daga 1781 zuwa 1807, da aka nemi ya ba da shanu 40 don Dirki, ya ƙi, ya sa samari suka sassare shi da gatura, sai ga Mus'hafi a ciki. Mutane suka yi masa baki cewa za a fitar da shi daga Kano kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga cikin Dirki, da jama'ar Shehu suka kore shi kuwa wasu suka ce ga shi nan. Subhanallahi! Littafin da ya sauka don rushe gumaka, shi aka rufe da fata har ba a iya buɗe shi a karanta, aka mai da shi abin yi wa yanka. 'Yan'uwanmu na Cadi suna da makamancin wannan a tarihin Kanem, watau Mune, wani abu naɗaɗɗe da sarakunan Saifawa suke riƙe da shi ba a buɗewa, har Mai Dunama Dabalemi ya buɗe shi a ƙarni na 13. Liman Ahmad ɗan Furtuwa, limamin Mai Idris Aloma, malami ne babba, amma da ya zo ba da labarin a ƙarni na 16 sai ya nuna buɗewar ce ta jawo wa daular fitinu. In malami irinsa ya ji nauyin abin, ina ga talaka?

TAMBAYOYIN ASKIYA

Daga ƙasar Hausa Shaihu ya tafi Gawo, babban birnin Songai a bakin Kwara, wurin Askiya Alhaji Muhammadu, wanda ya karɓi mulki a 1493 bayan mutuwar Sonni Ali a 1492. Askiya ya rubuta masa tambayoyi 7, amsoshin kuwa su ne mafi shahara a cikin abin da Magili ya bari.

Ya tambaye shi hukuncin Sonni Ali, ya siffanta shi da cewa yana furta kalmar shahada, yana azumin Ramalana, yana sadaka a masallatai, tare da haka yana girmama wasu itatuwa da duwatsu da yanka da bakance, yana gaskata bokaye da matsafa, ya tashi a cikin dangin uwarsa masu wannan al'ada. Ya kuma tambaye shi game da wasu mutane masu shahada, amma suna da ɗakunan tsafi da masu tsaronsu, ba sa ƙulla wani babban al'amari sai da izninsu, suna kuma cewa yanyawa ta faɗi kaza zai faru. Shaihu ya hukunta cewa, in dai yadda aka siffanta ɗin haka ne, wannan shirka ce, furta shahada ba ya amfani tare da ita. Sai dai mai karatu ya tuna Askiya ne ya kawar da gidan Sonni Ali, shi ne kuma mai ba da siffar, mufti kuwa yana amsa abin da aka kawo masa ne.

Wurin da ya fi amfani gare mu a yau shi ne ƙa'idar da ya shimfiɗa kafin hukuncin, yana bin sawun Alƙali Iyal mai Ashafa. Ya tabbatar cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla da zunubi. Kafirci yana tabbata ne da ƙudurin da shi kansa kafirci ne, kamar musun Mahalicci ko ƙaryata Annabi, ko da aikin da ba ya fitowa sai daga kafiri, kamar sujada ga gunki, ko da maganar da ba ta fitowa sai daga wanda bai san Allah ba, a wannan ta ƙarshen ma malamai suna da tattaunawa. A amsar farko kuma ya yi dogon gargaɗi a kan miyagun malamai masu halatta wa sarakuna abin da suke so, ya ce cutarsu ta fi ta kowa.

Shekara 300 bayan haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ɗauko waɗannan amsoshi ya gina littafinsa Sirajul Ikhwani a kansu. Da yaƙi ya kai Barno, Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi ya rubuto yana musun cewa yanka a gindin itace da jahilai ke yi ya isa a yaƙi ƙasa da sunan kafirci, har ya kawo misalin wata itaciya a Dimyaɗ ta Masar da gama-garin mutane ke girmamawa ba a kuwa kafirta Masar ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amsa masa, ya kuma adana wasiƙun a Infaƙul Maisuri. Manyan malamai ne duka biyun, a kan ma'aunin Magili suke jayayya, wane aiki ne ya faɗa ciki wane ne bai faɗa ba.

Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wannan jayayya ta dawo sabuwa, aka riƙa jifan 'yan ɗariƙa da shirka saboda ziyarar ƙaburbura da tawassuli. Mu abin da muke cewa, wanda ya tsaya a ƙabarin bawan Allah ya yi masa sallama ya roƙi Allah, bai yi sujada ga gunki ba, kafirta shi kuwa ƙetare ƙa'idar da muka ambata ne. Amma ba za mu yi wa namu shiru ba. Muridin da ya yanka dabba da nufin mai ƙabari, ko ya rataye hoton shaihinsa a alƙibla yana fuskantarsa da salla, ko ya ɗauka hoton ne ke tsare masa shago daga gobara, to ya kama hanyar masu Dirki, ko da carbi dubu ne a wuyansa.

Wasu 'yan'uwa masu sayar da tufafi a Babbar Kasuwar Njamena, kusa da masallacin Sarki Faisal, sukan yi tambaya a kan mutum-mutumin da ake sa wa riga don talla, da 'yar tsanar yara, da hotunan shaihunai. Amsa a mazhabarmu, kamar yadda Shaihu Dardiri ya warware a babin walima na sharhin Muhtasar: siffar mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, haramun ce, in an rage mata abin da mai rai ba ya rayuwa sai da shi, kamar kai, haramcin ya faɗi, wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko a bango, makaruhi ce in an ɗaukaka ta, barinta ya fi in ana taka ta, siffar itace da jirgi babu laifi, an kuma yi rangwame a 'yar tsanar 'yan mata. Saboda haka mai shago ya cire kan mutum-mutumin ya huta. Amma ka riƙe bambancin: wannan babin halal da haram ne, ba babin imani da kafirci ba. Siffofin yumɓu na mutanen Sao da aka tono a bakin kogin Shari, waɗanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na Njamena, suna da ido da baki, ba mai yi musu yanka a can. Dirki ba shi da ido ba shi da baki, an nemar masa shanu 40.

KOMAWARSA DA RASUWARSA

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa Abduljabbar a Tuwat, a cikin ragowar waccan fitina. Zafin zuciyar nan ya motsa, ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su. Alƙalin Tambutu, Mahmudu ɗan Umaru, ya ƙi yarda da haka, domin waɗannan fatake ba su da hannu a kisan, sai aka sake su. Gaskiya tana wurin alƙali, kuma ƙa'idar da Shaihu ya karantar da sarakuna ita ce ta yi aiki a kansa a ranar.

Ya koma Tuwat ya zauna a zawiyarsa a Bu Ali yana karantarwa. Ya bar littattafai da yawa a fiƙihu da tafsiri da hadisi da manɗiƙi, Ahmad Baba na Tambutu ya jera su a Nailul Ibtihaji. Silsilar Kuntawa ta nuna Sidi Umar Shaihu ɗan Ahmadul Bakka'i ya lizimce shi ya karɓi wuridin Ƙadiriyya a hannunsa, daga zuriyar Sidi Umar kuwa aka sami Sidi Muhtar Alkunti, wanda ya rasu a 1811, wanda ɗariƙar ta yaɗu ta hannunsa a ƙasashen Sudan. Wannan shi ne dalilin da mai waƙa ya sa sunan Magili a inda ya sa shi. Ya rasu a shekara ta 909 ta Hijira, daidai da 1503 zuwa 1504, ƙabarinsa yana zawiyar da ake kira da sunansa, kusa da Zawiyar Kunta a lardin Adrar na Aljeriya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya amfane mu da ilminsa, amin.

Yanzu sai mu koma ga baitin da muka tsaya a kansa.